Injin da Muka Sa wa Motar Mama Nas

Ni bakanike ne, ban taɓa yin wata sana'a ba. Garejina yana gefen garin Kontagora, ƙarƙashin itatuwan darbejiya, akwai rami guda, da rumfar kwano, da ɗan ɗakin ajiye kayan aiki. Yawancin abin da ake kawo mini motocin haya ne masu shiga ƙauyuka, da a-kori-kura masu ɗauko doya da masara daga wajen Mashegu. Ciwonsu kusan iri ɗaya ne: ƙafa ta lalace, birki ya cinye, inji ya fara shan baƙin mai. Mota mai ƙofa biyu, irin wadda aka ƙera don gudu, sau ɗaya ta taɓa shigowa hannuna, kuma ban taɓa daɗewa a kan wani aiki kamar nata ba.

Mai motar wata dattijuwa ce da duk gari ke ce wa Mama Nas. Kirista ce, 'yar Kambari daga Ibeto, ta yi aikin unguwarzoma a asibiti har ta yi ritaya. Ita ta karɓi haihuwar 'yan biyunmu, haihuwar da ta zo wa matata da wuya, tun daga ranar kuma ba ta ƙara kirana da sunana ba, sai Baban 'yan biyu.

Wata safiya da rani ta sauka daga kan babur a bakin garejin, da sandar ƙarfe a hannu. Ban san ta da sanda ba. Na fito daga rami, na goge hannu, na rusuna na gaishe ta, na jawo mata benci.

"Mama, lafiya da sanda?"

"Gwiwa ce, ta hagu. Bar wannan maganar. Baban 'yan biyu, motar Baba nake so ka tayar mini."

Baba shi ne mijinta, ya daɗe da rasuwa. Safiyo ne, mai awon ƙasa, ya yi aiki da masu gina titi, a hannun wani Baturen injiniya ya sayi motar lokacin da Baturen zai koma ƙasarsu. Duk wanda ya girma a Kontagora a zamaninmu ya san ta. Koriya ce shar, ƙirar Jamus, da dogon hanci, kujera biyu a gaba sai wani ɗan benci a baya wanda ko yaro sai ya naɗe ƙafa, ga ta gajeriya kamar cikinta zai goge ƙasa. Baba bai damu da tuƙi ba, Mama ce ke jan ta. Muna samari mukan tsaya bakin titi mu ga ta wuce da farar rigar aiki, gwiwar hannu a kan taga.

Na tambaye ta abin da ya sami motar. Ta ce wata Lahadi tana dawowa daga coci ta ji wani abu ya yi ƙara a cikin inji kamar an jefa dutse a tukunya, sai hayaƙi, sai motar ta tsaya. Aka jawo ta zuwa gidansu na Ibeto. Wani ya duba ya ce inji ya buga, kayansa kuma ba a samu. Shi ke nan aka lulluɓe ta da tamfol.

"Kuma ko ka tayar da shi," in ji ta, "ba zan iya taka kuloc ba. Ƙafar ba ta yarda. An ce akwai giyar da ke sauya kanta."

"Akwai, Mama, otomatik. Amma ba za ta zauna a jikin wannan injin ba. Sai dai a cire inji da giya gaba ɗaya a sa na wata mota."

"To a sa."

Na gaya mata gaskiya. Na ce wahalar da za a sha a wannan aiki ta fi ta sayen wata mota, gara ta sayar da gangar jikin ta nemi 'yar ƙarama mai otomatik ta huta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Ban zo neman mota ba, motoci sun cika gari. Wannan nake so. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, in tafi wani wuri."

Na ce zan je in gani.

Na je Ibeto da a-kori-kura da ƙarfen ja. Motar tana bayan gida, gindin mangwaro, an ɗora ta a kan duwatsu. Wanda ya yi wannan dabara ya taimake mu, domin da na shiga ƙarƙashinta ban ga tsatsar da ta ci ƙarfe ba. Tayoyi dai sun bushe sun tsattsage, ɓeraye sun cinye wayoyi da soson kujera guda, gizo-gizo ya yi saƙa a sitiyari. Muka sa mata tsofaffin tayoyi na aro, muka jawo ta a hankali zuwa Kontagora. Duk inda muka wuce sai ka ga manya sun juyo suna nuna ta da hannu.

Da na buɗe injin na ga babu abin gyara. Sandar fistin ɗaya ta karye ta fasa jikin injin, ta bar rami da dunƙulen hannu zai shiga. Na kira Mama na nuna mata. Ta leƙa, ta sa yatsa ta taɓa bakin ramin, ta ce, "Wannan kam ya tafi." Muka kafa bututun ƙarfe uku, muka rataya sarƙa, muka ɗago inji da giya tare, muka aje su a gefe a kan tsohuwar taya.

Samun wanda zai maye gurbinsa ba ƙaramin aiki ba ne. Galibin motocin yanzu da tayoyin gaba suke ja, injinsu a gicciye yake zama. Ita kuwa wannan da tayoyin baya take ja, injinta a tsaye yake bin tsawon mota, giya a bayansa, sannan wani dogon ƙarfe da muke ce wa farfela ya kai ƙarfin zuwa baya. Don haka sai an sami injin da aka ƙera a kan wannan tsari. Na auna gidan injin da tef, tsawo da faɗi da zurfi, na fara buga waya ga masu sayar da injunan Beljiyam a Panteka ta Kaduna. Kowa ya turo mini hoto ya rantse nasa ne zai shiga.

Ana cikin haka babban ɗan Mama ya zo daga Abuja, inda yake aikin ofis. Mutum ne mai natsuwa, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Ya zagaya motar, ya leƙa ramin da injin ya bari, sannan ya ja ni gefe.

"Malam, na yi na yi da ita in saya mata mota mai tudu, ta ƙi. Ni dai tsorona hanya. Tsakaninka da Allah, wannan abin zai yiwu?"

"Zai yiwu, ranka ya daɗe, amma zai ɗauki lokaci."

"To abu ɗaya nake roƙo. Birki. Kada ka bar ko tiyo ɗaya na da. A sabunta komai."

Na ce dama haka na yi niyya. Ya ce in ina buƙatar wani abu daga intanet in gaya masa, shi wannan ne iyakar abin da ya iya a harkar mota. Na ɗauka magana ce kawai, ashe za ta yi rana.

Na tafi Kaduna da kaina, domin inji ba abin saye ta waya ba ne. Na yini ina yawo cikin baƙin mai da ƙarafa, tef a aljihu. Wanda na tsaya a kansa na wata babbar motar Japan ne, fulogi shida a jere kamar na da, da giyarsa otomatik a jiki. Abin da ya fi ja hankalina shi ne ba a yanke wayoyinsa ba, an ciro su ɗungum tare da akwatin nan mai sarrafa inji da muke ce wa birenbos. Masu sayarwa suka ɗora shi a kan taya, suka jona batir, suka sa tiyo a galan ɗin fetur, ya tashi. Na sa kunne a jikinsa ta hannun sukundireba, ban ji wani ƙara na banza ba. Na duba hayaƙi, fari ne sirara. Aka loda mini shi a motar kaya mai zuwa Kontagora.

Ranar da muka fara saukar da shi cikin motar na san aikin zai ba ni wuya. Tsawo ya yi, faɗi ya yi, amma tukunyar mai ta ƙasan injin ta zauna daidai kan ƙarfen da ya riƙe ƙafafun gaba. Muka ɗago shi. Mai waldan da ke maƙwabtaka da ni ya yanke tukunyar, ya mayar da zurfinta baya, ya ɗinke, muka cika ta da kananzir muka bar ta ta kwana don mu ga ko za ta yi yoyo. Ba ta yi ba. Muka sake saukar da shi, sai giya ta ƙi wucewa, ta fi tsohuwar ƙiba, ramin da ke tsakanin kujeru ya yi mata kaɗan. Ba yadda za a yi sai an buɗa ramin da guduma. Ban so in buga wa motar guduma ba tare da izini ba, sai na jira Mama.

"A ina za ka buga?" ta tambaya.

"A ƙasa, Mama, ƙarƙashin kafet."

"Ana gani?"

"Ba a gani."

"To buga. Amma ba ina nan ba." Ta ɗauki sandarta ta tafi wajen mai shayi har muka gama.

Ƙarafan da injin zai zauna a kai kuwa babu na saye, sai da muka ƙera. Na riƙa yanka kwali ina gwadawa har ya zauna daidai, sannan mai walda ya fitar da irinsa a farantin ƙarfe mai kauri. Da muka ɗaure komai muka sauke murfin gaba, sai ya ƙi rufuwa, saura kamar kaurin yatsa. Muka kwance, muka rage tsawon ƙarafan, muka sake ɗaurewa. Ban san sau nawa injin nan ya shiga ya fita ba. Har direbobin da ke zama a garejin suka fara yi mini ba'a, in sun zo da safe sai su ce, "Yau yana ciki ko yana waje?"

Farfela ma sai da aka haɗa biyu aka yi ɗaya, rabin gaba na motar Japan don ya shiga giya, rabin baya na asali don ya kama tayoyi. Wannan ba aikin ido ba ne, in ya karkace ko kaɗan mota za ta riƙa rawa. Na kai shi Minna wajen masu injin juya ƙarfe suka haɗa, suka daidaita.

Mama kuwa ta mayar da garejin wurin zamanta. Takan zo da hantsi da fulas ɗin kunu, ta zauna a benci, ta miƙe ƙafar hagu a kan wata tsohuwar taya. Ba ta sa mini baki a aiki, amma ba ta barin kowa ya huta. Ta hana mu wanke hannu da fetur mu ci abinci, ta kawo sabulu ta aje a bakin randa. Wata rana ta zo da abin awon jini a jaka, ta sa direbobi suka jeru tana ɗaura musu a dantse ɗaya bayan ɗaya, tana yi musu faɗa da Hausarta mai ɗan karin Kambari. Wanda ta fi tsayawa a kansa shi ne mai haɗa mana waya, wani Banufe dattijo da muka daɗe muna aiki tare. Ta auna shi, ta sake aunawa, ta ce, "Kai, gobe asibiti. In ba ka je ba kada ka taɓa mini mota." Ya tafi yana gunaguni, amma ya je, har yau kuma yana shan maganin.

Shi wannan dattijo gwani ne, sai dai ba ya sauri, kuma ba ya son a tsaya masa a kai. Aikinsa shi ne ya haɗa wayoyin Japan da na Jamus, wato makulli da fitilu da agogunan gaban direba su ji maganar sabon inji. Ya zauna a ƙasan motar da 'yar fitilar gwaji yana bin waya ɗaya ɗaya, yana naɗa musu tef kala-kala. Na ƙosa, na ce masa damina ta kusa, garejin kuma yana cika da ruwa. Ya ce in ina sauri in ɗauko wani. Muka yini ba mu yi magana ba. Washegari ya zo da goro ya miƙo mini ɓari, muka ci gaba.

Ranar da za a tayar na aika aka ɗauko Mama. Muka zuba mai, muka cika lagireto da ruwa, muka jona batir. Na ce ta murza makullin da kanta. Ta zauna a kujerar direba, ƙafafu a waje, ta miƙa hannu ta murza. Injin ya yi tari sau ɗaya ya kama. Direbobi suka yi ta tafi, mai walda ya buga guduma a kan durom. Ita kuwa ta karkata kai tana saurare.

"Ba muryarta ba ce," in ji ta.

"Ba za ta zama ita ba, Mama. Wannan ya fi shiru."

Ta ƙara saurare. Na ga ta shafa sitiyarin da tafin hannu. Can ta kashe, ta ciro makullin ta miƙo mini. "Ba laifi. A ci gaba."

Tashin inji ba shi ne ƙarshen aiki ba. Da na fita gwaji a hanyar Mashegu, motar ta ɗauka da kyau, ta shiga giya ta biyu, daga nan ta ƙi gaba. Inji na ta ihu, mota ba ta gudu. Kafin in juyo kuma allurar zafi ta haura. Zafin bai ba ni tsoro ba, na san tsohon lagireto ne ya yi kaɗan, na nemo babba na sa masa fanka biyu masu aiki da lantarki. Giyar ce ta tsaya mana. Na zargi mai sayarwa, na ce ya haɗa ni da matacciya. Dattijon waya ya ce a'a, giyar lafiyarta ƙalau, ba ta san gudun da mota take yi ba ne, shi ya sa ta ƙi sauyawa, akwai wayar da ya kamata ta riƙa gaya wa birenbos, shi kuma bai san wace ce ba a cikin tarin nan. Sai na tuna da ɗan Mama. Na buga masa waya, na karanta masa lambar da ke jikin injin. Kafin la'asar ya turo zanen wayoyin gaba ɗaya. Rubutun Turanci ne, ƙanana ƙwarai, shi yana karanta mana kaloli ta waya, dattijo yana kwance a ƙasa yana lalube. Wayoyi biyu ne aka sauya wa gurbi. Da aka gyara na sake fita, na ji ta shiga ta uku, ta shiga ta huɗu, sumul, kamar ba a yi komai ba.

Na sabunta birki kamar yadda na yi alkawari, tun daga tiyo har faranti. Na ɗan ɗaga ƙafafun motar saboda hanyoyinmu, na sa farantin ƙarfe a ƙarƙashin tukunyar mai don duwatsu. Na cire fedar kuloc tunda ba ta da sauran aiki, na sa faffaɗar fedar birki irin ta motocin otomatik. Aka ɗinke kujera, aka sa sababbin tayoyi, ɗan Mama ya je ofishin lasisi aka sauya lambar inji a takardu. Fenti kuwa ta ce kada a taɓa, a wanke kawai a goge.

Ruwa ya riga ya sauka, gari ya yi kore, ranar da na kai ta wani fili a bayan gari don ta gwada. Na zauna a gefenta na nuna mata: nan tsayawa, nan baya, nan gaba, ƙafar dama ita kaɗai ke aiki, ta hagu ta huta. Ta ce ta gane. Ta ja motar lafiya lau, hannunta a sitiyari bai manta komai ba. Muna kaiwa inda a da za ta sauya giya, sai ƙafar hagu ta tashi da kanta ta nemi kuloc, ta sami gefen faffaɗar fedar birkin nan, ta danna har ƙasa. Motar ta ƙame wuri ɗaya. Goshina ya bugi gilashi, ita kuma ƙirjinta ya bugi sitiyari.

"Yesu! Baban 'yan biyu, ka ji ciwo?"

"Ban ji ba, Mama. A sake."

Muka sake, haka. Na ce ta naɗe ƙafar a ƙarƙashin kujera, gwiwar ta ƙi naɗuwa. Na ce ta cire takalmin hagu don ta riƙa tunawa, ta cire, ta yi zagaye ɗaya lafiya, a na biyu wani ɗan akuya ya gitta, ƙafafu biyu suka sauka kan birki tare. Ta kashe motar, ta zauna tana kallon gaba.

"Mayar da ni gida," ta ce. "Kai ka tuƙa."

Muka kama hanya har muka kusa gida. Ta ce wataƙila ɗanta ne da gaskiya, tsufa ya zo, ta sa ni wahalar banza. Na ce kowa haka yake farawa, ta ce ita ba farawa take yi ba. Daga ranar ta daina zuwa garejin. Motar na nan a rumfa, an wanke ta tas, benci kuma babu kowa.

Abin ya dame ni har matata ta lura. Tela ce, a gida take ɗinki. Muna cin tuwo na ba ta labari, sai ta yi dariya ta ce ai ita ma haka ta yi da na saya mata keken ɗinki mai lantarki. Ta daɗe ƙafarta tana neman abin takawa a ƙasa, har sai da ta aje wani ɗan katako tana motsa shi, hannu na ɗinki ƙafa na nata aikin.

"Ƙafar ba ta yi laifi ba," in ji ta. "Ka cire mata abinta ne. Ka mayar mata."

Da safe na tono tsohuwar fedar kuloc daga cikin tarkace. Na mayar da ita gurbinta, ban haɗa ta da komai ba, sai wani lallausan sifirin da na sa mata don ta riƙa dawowa, mai laushin da ko yatsa zai danna. Na cire faffaɗar fedar birki na mayar da siririyar ta asali, yadda ƙafar hagu ba za ta same ta ba. Na tuƙa motar zuwa gidanta na cikin gari, na yi sallama, na same ta tana tsince shinkafa.

Ban ɓoye mata ba. Muka fito waje, na buɗe ƙofar motar na nuna mata, na ce, "Mama, wannan fedar ba ta aikin komai. Ki taka ko kada ki taka, duk ɗaya ne ga motar. Don ƙafarki na sa."

Ta sunkuya ta danna ta da sanda, ta ga ta tafi ta dawo. Ta dube ni.

"Wato ka yi mini abin wasa."

"Dabarar Maman 'yan biyu ce."

Ta yi dariya har ta dafa motar. Ta shiga gida ta sauya zane, ta fito, ta ce mu tafi filin. Wannan karon da motar ta kai wurin sauya giya, ƙafar hagu ta tashi ta danna fedarta a hankali, giya ta sauya kanta, muka wuce. Ta zagaya filin, ta sake zagayawa, ta yi baya, ta yi kwana, sannan ba tare da ta tambaye ni ba ta hau titi. Muka bi ta tsakiyar gari, ta gaban kasuwa, masu babura suna kaucewa suna ɗaga mata hannu. Ta sauke ni a bakin gareji, ta ce in gaishe da matata, ta ja motarta ta tafi.

Bayan haka samari masu son gudu sun yi ta zuwa wurina, wasu suna son in yi musu irin aikin a motocinsu, wasu suna son in roƙi Mama ta sayar musu. Na kai mata saƙon sau ɗaya, amsar da ta ba ni ta sa ban ƙara ba. Motar tana zuwa juyen mai a kan lokaci. Ta taɓa yoyon ruwa ta wani tiyo, fanka ɗaya ta taɓa ƙonewa, ban da wannan ba ta ba mu wata matsala ba.

Kwanakin baya, da kaka, na tafi Ibeto ranar kasuwa da a-kori-kurar wani da na gama gyarawa, ina gwada ta. Ina cikin tafiya na ji oda a bayana, kafin in duba madubi koriyar mota ta fito ta gefena ta wuce, ta bar ni ina kallon bayanta har ta sha kwana. Da na isa kasuwa na same ta wajen masu doya, an buɗe ɗan but ɗin motar ana ta ƙoƙarin cusa doya, ya cika, ga sauran tuli a ƙasa.

"Mama, wannan gudun fa?"

"Kai ne ba ka tafiya. Zo nan, Allah ne ya kawo ka. Kwashe sauran nan ka kai mini gida Kontagora, ka ɗebi biyar ka kai wa 'yan biyu."

Na kwashe na loda a bayan a-kori-kura. Ta tsaya sai da ta ga an ɗaure, sannan ta juya wajen masu manja.